Hukuncin Zama a Rumfar Ya'u

Ya'u mai ɗinkin taru mutumin Garin Fannami ne, wani ƙauyen masunta da manoman shinkafa da ke kan ɗan tudu a tsakiyar fadama, tsakanin Haɗejiya da Kirikasamma. Da damina ruwa kan zagaye garin, sai da kwalekwale ake shiga ko fita. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da rowa, kuma ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi gari: in ya buɗe baki ba ya rufewa.

Ka ce masa "Ina kwana?" sai ya gaya maka yadda ya kwana, da gefen da ya kwanta a kai, da dalilin da ya sa ya daina kwanciya a ɗaya gefen tun shekarar da ya faɗo daga giginya, da wanda ya shuka giginyar. Masu hanzari in sun hango shi tafe sai su ratse ta gonar wani, ko da akwai ƙaya. An ce wani makiyayi ya taɓa tsayawa tambayarsa hanyar mashaya, kafin ya sami amsa shanunsa sun je sun sha sun dawo.

Kamun kifi ya gada, amma bai daɗe a ruwa ba. Yayyensa suka kai ƙara wurin ubansu cewa duk ranar da aka shiga jirgi da Ya'u, kifi kan bar wannan yanki gaba ɗaya. Uban ya kafa masa rumfar zana a bakin gulbi, ya ba shi zare, ya ce ya riƙa ɗinke tarun da ya yage. A nan kuwa Allah ya ba shi hannu. Yatsu na aiki, baki na aiki, babu mai jiran wani. Masunta sukan ajiye masa taru tun kafin ya fito, su dawo ɗauka daidai lokacin da ya ta da kabbarar salla.

Ya yi aure a shekarar da aka sami 'yancin kai. Ranar neman auren an ce ya zauna a gida, ya ƙi, ya bi kawunnansa. Tun da hantsi ya soma yi wa uban yarinyar bayanin asalinsa, daga kakansa da ya taso daga bakin Tafkin Chadi. Har aka kira la'asar kakan bai iso Gashuwa ba. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Na ba ku. Don Allah ku tashi ku tafi da shi."

Ita amaryar, Sakinatu, da ma shi take so. Mace ce marar son magana, mai saƙar tabarmar kaba. Da ƙawayenta suka tambaye ta abin da ta gani a wurinsa, cewa ta yi, "Ba ya jiran amsa." Haka suka zauna lafiya, har suka haifi 'ya'ya mata uku.

Bayan an gama yaƙin basasa ne ƙwaya ta shigo garin. Wani mai tallan magani ne yake kawo ta a kan keke duk ranar kasuwa, a cikin akwatin katako, tare da maganin ciwon kai da na tsutsar ciki. Yakan ce wa samari wannan ita ce maganin gajiya: ka haɗiyi ɗaya ka yanke shinkafar mutum biyu. Gaskiya ne kuma, ana yankewa. Sai dai bayan shinkafa ta ƙare ƙarfin ba ya ƙarewa, sai an nemi inda za a sauke shi. Aka fara faɗa a dandali, aka fara faɗa a wurin kamun kifi, yaran masunta da yaran rugar da ke bayan gari suka soma ɗaukar gora in za su kasuwa. Masu neman ƙari suka haɗa da zaƙami. Wani ya sha ya wuni yana yi wa turken jaki gaisuwar mutuwa. Wani ya ɗaga hannu a kan yayarsa saboda ta ce miya ta ƙare.

Ya'u yana jin labarin nan, amma bai ɗauke shi da zafi ba, sai ranar da Ɗanladi ya zo rumfarsa. Ɗanladi saurayi ne maraya, ɗan marigayi Musa, mai kunya, wanda a da gaisuwa ma sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Ya shigo da yagaggen taru, idonsa jajir, yana tauna haƙora. Ya'u ya yi murna, yau ga mutum ya kawo kansa. Ya gyara zama ya ce, "Ai wannan yagewar ta tuna mini da…"

Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan. Ɗanladi ya karɓe. Ya yi maganar tarun, ya yi ta kadan da ya ce ya gani, ya yi ta jirgin ƙasa da zai saya ya shimfiɗa masa hanya har ƙofar gidansu, ya koma kan kadan. Ya'u ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, ya ma ja masa hannun riga. Duk a banza. Rana ta take tsaka ta karkata, yaron nan ko numfashi ba ya tsayawa yi.

Ya'u ya koma gida ya zauna a kan turmi bai ce komai ba. Sakinatu ta ajiye saƙa ta zo ta taɓa goshinsa.

"Malam, zazzaɓi ne?"

"Sakinatu," in ji shi da wata ƙaramar murya, "yau tun hantsi nake tare da mutum, ban samu na sa baki ba."

Ta dube shi ta ce, "Da daɗi?"

Bai gane tambayar ba. Abin da ya gane shi ne, duk abin da zai mai da ɗan Musa haka, ba abin bari ba ne a gari.

Ba a yi nisa ba Ɗanladi ya yi faɗa da Shu'ibu, wani saurayi daga ruga, a kan wa zai fara shiga kwalekwale. Shu'ibu ya fasa masa goshi, shi kuma ya cire wa Shu'ibu haƙori. Aka kawo su ƙofar gidan Bulama Umara, mai garin, tsoho ne siriri mai son barcin rana, wanda ya fi kowa sanin halin mutanensa. Dattawa suka taru. Wasu suka ce a yi musu bulala. Wasu suka ce a kai su gaban alƙali a Haɗejiya, iyaye suka ce a rufa musu asiri, wanda ya shiga gidan yari ba ya fitowa da hali mai kyau. Liman ya ce shi kam ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe, amma masu shan abin ba sa zuwa inda yake yi.

Sai Ya'u ya miƙe. Aka ji jama'a sun yi ajiyar zuciya gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, magana ɗaya zan yi, gajeriya."

Ya fara daga yadda samari suke a zamanin kakansa. Ya bi ta kan wani mai suna Bunu da ya taɓa cin goro ɗari a zama guda, da abin da ya sami haƙoransa, da matar Bunun, wadda 'yar Miga ce, da yadda mutanen Miga suke dafa wake. Dattawa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan zai kama ruwa, wancan ya tuna akuyarsa. Masu laifi kuwa ba damar tashi. Can Shu'ibu ya rarrafo gaban Bulama, hawaye na zuba, ya ce, "Ranka ya daɗe, don girman Allah a yi mana bulalar mu tafi."

Ɗanladi, wanda ƙwayar ta riga ta sake shi, ya ce, "Ni ma na yarda. A ƙara mini da tasa."

Bulama ya buɗe ido sosai, ya dubi yaran, ya dubi Ya'u, ya shafa gemu. A wurin ya yanke hukunci. Daga yau, duk wanda aka kama da ƙwaya ko zaƙami, ko ya ɗaga hannu a kan wani, zai zauna a rumfar Ya'u daga hantsi zuwa la'asar, daga wannan kasuwa zuwa mai zuwa. In su biyu ne suka yi faɗa, taru ɗaya za su riƙe, wannan a wannan baki, wancan a wancan. Sa'an nan ya juya ga Ya'u ya ce, "Malam Ya'u, gari ya ga irin baiwar da Allah ya yi maka ta nasiha. Mun ba ka amanar yaran nan."

Ya'u ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya sa Sakinatu ta wanke masa babbar riga, ya ƙara wa rumfa zana biyu.

Kwanakin farko sun yi wa yaran wuya. Wanda ya bar ƙwaya barci ne yake danne shi, ga Ya'u ba ya yarda a yi barci ana magana. Da ya ga kai ya fara lanƙwasa sai ya taɓa gwiwar mutum ya ce, "Ka ji inda na tsaya? Bari in koma baya kaɗan." Tsoron a koma baya ya sa suka koyi buɗe ido. Don su sami abin da zai ɗauke musu hankali suka fara kallon yatsunsa, daga kallo suka fara kwaikwayo, kafin mako ya zagayo sun iya ƙulli. Ɗanladi da Shu'ibu, da suka zo ba sa ko duban juna, wahala ta haɗa kansu. Suka ƙirƙiro dabara: ɗaya ya riƙa cewa "Ikon Allah!" ɗaya ya huta, in an jima su yi musanya. Da azahar Sakinatu kan aiko da ɗan wake ko dambu, don ta lura yawancinsu ƙwayar ta hana su cin abinci, duk sun zama ƙashi da fata.

Ana gobe wa'adinsu zai cika, Ya'u yana tsakiyar labarin wata ambaliya, sai ya ga zare ya kuɓuce daga hannun Ɗanladi. Yaron ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Ya'u ya rasa yadda zai yi, don bai taɓa ganin labarin ambaliyar ya sa kowa kuka ba. Ya ce, "Kai, ai ba wanda ya mutu a ciki, jaki ne kawai."

"Ba shi ba ne, Baba," in ji Ɗanladi. Ya ce gonar ubansa shi kaɗai yake nomawa, ga uwa ga ƙanne, ga ƙodago a gonakin mutane kafin a sami na cefane. In bai sha ba jikinsa ba ya ɗauka. Yanzu ga shinkafarsu ta nuna, tsuntsayen jan-baki na ta sauka a kanta, shi kuma yana nan zaune yana ɗinkin taru.

Shu'ibu ya sha ba da labarin cewa ran nan Ya'u ya yi shiru har tsawon da mutum zai shanye kofin kunu. Daga nan ya miƙe ya naɗe taru ya ce, "Ku tashi. Nasiha ai ba sai a rumfa ba."

Ya bi gida gida ya tattaro samari. Ba wanda ya yi gardama, don kowa ya san in ya ce a'a za a yi masa bayanin dalili. Aka yi gayya a gonar marigayi Musa, Ya'u na tsaye a kan jinga yana magana, su kuwa suna yanka da sauri irin wanda ko ƙwaya ba ta taɓa sa su ba, saboda duk wanda ya yi gaba ya yi nesa da muryar. Kafin magariba an gama. Tun daga nan gayya ta shiga cikin tsarin: duk wanda aka kawo rumfa sai an bincika me ya fi ƙarfinsa a gida, 'yan rumfa su je su kama masa.

Saura mai keke. Bulama ba shi da ikon hana shi cin kasuwa, kuma mutumin ya iya baki, yakan ce shi maganin ciwon kai yake sayarwa. Ranar kasuwa Ya'u ya je ya same shi ya kafa keke a gindin tsamiya. Ya kama ƙahon keken da hannu ɗaya, ya miƙa masa ɗayan.

"Sannu da zuwa, baƙo. Daga ina?"

"Daga Malam Madori," in ji mai keke, yana leƙen masu saye.

"Malam Madori! Ai ina da ɗan'uwa a can."

Ba shi da kowa a can sai wani da suka taɓa haɗuwa a jirgin ƙasa, amma wannan ya isa. Samari suka riƙa zuwa, in sun hango wanda ke riƙe da ƙahon keke sai su yi kamar gishiri suka zo saya. Mai keke ya ce zai je salla, Ya'u ya ce shi ma, suka je tare suka dawo tare. Ya ce zai kewaya, Ya'u ya raka shi ya tsaya daga bayan zana yana ci gaba. Kasuwa ta watse bai buɗe akwati ba. Mako na gaba ya sauya wuri, ya koma bayan 'yan kifi. Ya'u ya gano shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, da ma ban ƙarasa maka ba." Bayan wannan ba a sake ganin keken a Garin Fannami ba. Masu nacin sha sai sun yi tafiyar yini, kuma da yawa suka ga abin bai kai haka ba.

Ɓangaren mata kuwa Sakinatu ce ta tsara shi, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Akwai wani magidanci, Gana, ƙato mai bandar kifi, wanda in ya sha abinsa matarsa Mairam ce take biya. Maƙwabta na ji, amma kowa na cewa sha'anin cikin gida ne. Wata safiya da aka fara jin kukan Mairam, Sakinatu ta jawo turmi ba komai a ciki ta shiga kirɓa. Turmin da ba hatsi ƙararsa dabam ce, tana tafiya har bakin gulbi. Ta katanga ta ce wa maƙwabciyarta, "Ɗauko naki." Wannan ta gaya wa ta gaba. Kafin a jima unguwa duka ta ɗauka, maza suka fito suna tambayar lafiya, mata suka nuna gidan Gana da taɓarya. Gana ya leƙo ya ga rabin gari a ƙofarsa, ga Ya'u a gaba da tabarma a hammata.

Bulama ya yanke masa zaman rumfa kamar kowa. Gana ya ji abin ya yi masa ƙanƙanci, magidanci da gemu a zaunar da shi cikin yara. Ya daure kwana biyu. A na uku Ya'u yana ba shi tarihin zaman lafiyarsa da Sakinatu, sai ya jefar da taru ya miƙe.

"Kai Ya'u, wai ka ɗauka don hikimarka ake kawo mu? Kai ne bulalar! Bulama ya rasa abin da ya fi surutunka azaba, shi ya sa. Tambayi yaran nan in ƙarya nake!"

Ya'u ya dubi samarin da ke zaune. Kowa ya sunkuyar da kai yana neman wani ƙulli a taru. Ya'u ya naɗe zarensa a hankali, ya sa takalmi, ya tafi gida.

Washegari bai fito ba, jibi ma haka. Taru ya taru a rumfa ba mai ɗinki. Mutane suka yi ta wucewa ta ƙofar gidansa ba tare da sun ratse ba, abin ya zame musu wani iri. A cikin gida yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Da ya gaji da shirun, ya ce, "Sakinatu, ke ma kin sani?"

"Na sani."

"Ashe ni horo ne."

Ta ci gaba da saƙarta. Can ta ce, "Malam, shekara nawa ina shan wannan horon? Ban rame ba, ban taɓa shan ƙwaya ba, ban taɓa marin kowa ba. Ka ga yana aiki."

Ya juyo ya dube ta, bai san ko ya yi fushi ko ya yi dariya ba. Ana cikin haka aka yi sallama. Ɗanladi ne da Shu'ibu da wasu samari, sun taho da Bulama Umara da kansa, yana dogara sanda. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Bulama bai yi kwana-kwana ba.

"Malam Ya'u, abin da Gana ya faɗa gaskiya ne, da wannan niyya na fara. Na yi maka laifi, ka yafe ni. Amma ni cewa na yi su zauna su sha wuya. Ban ce ka koya musu sana'a ba, ban ce ka yanke wa marayu shinkafa ba, ban ce ka kori mai keke ba. Wannan kai ka yi."

Ɗanladi ya ce, "Baba, ni wa'adina ya cika tun kaka, kuma kullum ina zuwa. Wa ya yanke mini?"

"To me kake zuwa yi?"

Ɗanladi ya sosa ƙeya. "Ɗinki. Kuma… akwai labarin mutumin nan da kura ta bi shi har cikin masallaci. Sau uku kana farawa, ba ka taɓa faɗin yadda aka ƙare ba."

Fuskar Ya'u ta washe. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: tunda Bulama ne ya yi laifi, shi ma sai ya zauna a rumfa yini guda. Tsohon ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce hukunci ai ba ya zaɓen mutum. Ya je ya zauna daga hantsi zuwa la'asar, riƙe da bakin taru, Gana na riƙe da ɗayan. Da ya dawo gida ya ce wa iyalinsa kada wanda ya yi masa magana sai jibi.

Ba kowa rumfar ta gyara ba. Gana ya yi wata uku lafiya, ya koma halinsa. Turame suka sake tashi, wannan karon mata suka shiga suka kwashe kayan Mairam, suka raka ta har bakin jirgi ta koma gidan iyayenta, alƙali ya raba auren. Da aka yi fari wasu samarin suka tafi Kano neman aiki, labarin da ya dawo game da biyu daga cikinsu ba mai daɗi ba ne. Ya'u yakan ambace su da suna bayan salla. Amma faɗan dandali ya ragu ƙwarai, yaran ruga da na masunta suka daina ɗaukar gora zuwa kasuwa, kuma ya zama in uwa ta ga ɗanta ya fara jan ido, ba ta jiran Bulama, da kanta take kamo hannunsa ta kawo.

Da arzikin mai ya zo, gwamnati ta shiga neman abin yi wa jama'a. Wani jami'in jin daɗin jama'a, Malam Ibrahim, saurayi mai kirki da son aikinsa, ya ji labarin ƙauyen da samarinsa suka bar ƙwaya, ya zo a mota ya gani da idonsa. Ya zauna da Ya'u ya ce ya ba shi bayanin tsarin a taƙaice. Direbansa ne ya zo ya cece shi da magariba, da ƙaryar cewa fitilar mota ba ta aiki. Duk da haka abin ya burge shi. Ya sa wa taron suna Ƙungiyar Gyaran Tarbiyya ta Garin Fannami, ya aiko da kwanon rufi aka yi wa rumfa, da ƙwallon ƙafa don samari. A cikin kayan har da lasifika ta hannu mai aiki da batir, wai don saƙon shugaba ya isa ko'ina.

Kwana biyu Ya'u ya yi da lasifikar. Masunta a tsakiyar gulbi suka ji shi, mata a madafa suka ji shi, wani mai jinya ya aiko a tambaya ko tashin duniya ne. A rana ta uku aka wayi gari batiran sun ɓace. Bulama ya sa aka yi cigiya a kasuwa da murya mai rauni. Ba a same su ba, kuma duk mai tireda da aka tambaya sai ya ce irin wannan batir ya yanke a ƙasar nan.

Malam Ibrahim ya so a kai tsarin wasu garuruwa, ya ɗauki Ya'u aro zuwa wani ƙauye kusa da Miga, a kan zai yi wata guda. Kwana uku aka dawo da shi a bayan akori-kura, da rago da buhun gero, da saƙon mai garin cewa samarinsu duk sun tuba, har waɗanda ba su taɓa sha ba, Allah ya saka da alheri, ba sai ya koma ba. Amma sun riƙe abin turmi da gayya, kuma an ce sun amfana.

A shekarun da suka biyo baya ruwan gulbi ya fara ja baya, ambaliya ba ta kai inda take kaiwa da, kifi ya ragu, taru ya ragu. Mutane suka koma noman rani, injinan ban-ruwa suka shigo fadama. Ɗanladi, wanda ya yi aure har da 'ya'ya, ya je Haɗejiya ya koyo gyaran inji, ya dawo ya kafa kayansa a gefen rumfar. Yaran da ake kawowa suka koma koyon kwance inji da ɗaurawa, Shu'ibu kuma ya zama shi ke shiga tsakani in shanu sun yi ɓarna a gona. Ya'u, da furfura ta cika masa kai, bai ƙi sabon tsarin ba, sai abu ɗaya: in Ɗanladi ya ta da inji don gwaji, ba a jin maganar kowa. Ya kai ƙara wurin sabon Bulama, ɗan marigayi Umara, aka yi sulhu. Safe na inji ne. Daga azahar a kashe, kowa ya wanke baƙin mai daga hannunsa, a shimfiɗa tabarma.